Littafin Waƙoƙin da Ya Shiga Tsakanina da Yaya Lawali

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga yayana Lawali. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, a duk inda kake kwana yanzu a Paris. Ina aiki, ina gajiya, yaya sanyi? Mu nan Lyon lafiya lau, alhamdu lillahi. Maigidana yana gaishe ka. 'Yata Nafisa ba ta ce in gaishe ka ba, kuma za ka ji dalili in ka karanta zuwa ƙasa.

Na san ba tsari ba ne ƙanwa ta baje wa yayanta magana a shafin da kowa yake karantawa. Amma wace hanya ka bar mini? Na kira, ba ka ɗauka. Saƙonnina suna nuna an buɗe su, amsa babu. Na hau jirgin ƙasa na zo har Saint-Denis, na ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinka, wani ɗan Mali ya buɗe da cokali a hannu ya ce bai san ka ba. Alhaji Mamman mai shagon kayan miya na bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa na metiro ne ya kwantar mini da hankali. Ya ce kana nan da ranka, kana aikinka a kasuwar Rungis, yakan hango ka ran Juma'a a masallaci, amma da an sallame kake ficewa kafin kowa ya miƙa maka hannu. Shafin nan kuwa na san kana leƙowa. Ran babbar salla yatsanka ya kuskure ya danna wa hoton Nafisa alamar so, ka yi maza ka cire. Na riga na gani. To ga ni na zo inda kake leƙe.

Maganar littafin nan zan yi maka. Ba sai na ambaci sunansa ba, ni da kai mun san shi, kuma na gaji da jin sunan a bakina.

Ka tuna ranar da ka fara shigo da shi gidanmu a Damagaram? Kana sabon mushe, wato malamin boko, kana koyar da Faransanci a babbar sakandare ta lise, ni kuwa ban daɗe da shiga kwaleji ba. Ka zauna a tabarma gindin dogonyaro, Inna tana tankaɗen gari, ka buɗe kana karantawa da wata murya da ban san kana da ita ba. Ka ce mana wani mawaƙin Paris ne, ya rasu tun kafin Nasara su iso ƙasarmu, kuma har kotu aka kai shi a kan waƙoƙin, aka sa ya cire wasu. Inna ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "In dai har alƙali ya shiga maganar, ka rage murya, maƙwabta suna ji." Ka yi dariya har ka kwanta a tabarmar.

Daga ranar ban huta ba. Kullum bayan la'asar sai ka kama ni ka fassara mini. Ka ce mutumin ya yi wa wani nauyi waƙa, nauyin da yakan sauka a ƙirjin mutum ba mutuwa aka yi masa ba, ba yunwa ba, ba bashin kowa a kansa. Ka yi ta neman sunansa da Hausa. Ka ce ƙunci, ka girgiza kai. Ka ce gundura, ka ce ta yi sauƙi. Ka ce baƙin ciki, ka ce shi ai yana da dalili. Daga ƙarshe ka ce mini, "Kewa ce, Balkisa, amma ba ki san wa kike kewa ba." Na rubuta a bayan littafin lissafina don ta burge ni. Yarinya ce ni, ban san wata rana zan tsani jimlar ba.

Ka sami burs, tallafin karatu, ka taho Paris yin babban digiri a kan littafin. Bayan wasu shekaru aure ya kawo ni Lyon, kuma zuwana na farko wajenka ba zan manta da shi ba. Tun safe muke tafiya a ƙasa har takalmi ya ci mini dunduniya. Na ce ka kai ni in ga dogon ƙarfen nan da kowa yake hoto a gabansa, ka ce yana nan ba inda za shi. Abin da ka nuna mini daban ne. Wata tsohuwa a kan benci da jakunkunan leda tana magana da tantabaru. Wani mutum kwance a kan ramin da iskar metiro mai ɗumi take fitowa. Wani tsohon gida da ake rushewa, ana ganin fentin ɗakunan mutane a fili, wannan shuɗi, wannan ruwan hoda. Ka ce kafin wannan mawaƙi, waƙa a sama take zaune da taurari da lambuna, shi ne ya jawo ta ƙasa ya ce ta dubi waɗannan, ta nemo kyau a cikinsu. Ka ce duk wanda ya rubuta waƙa da Faransanci bayansa, ko dai ya bi sawunsa ko ya yi faɗa da shi, ba mai wucewa bai kula shi ba. Da muka koma Saint-Denis muka tarar da samari a gindin bene suna rera nasu waƙoƙin na zamani, suna zagin siminti da 'yan sanda da rashin aiki. Ka taɓa ni da gwiwar hannu ka ce, "Jikokinsa ne, ba su sani ba."

Ranar fuskarka tana haske, Yaya. Na koma Lyon ina cewa maigidana babu wanda ya kai yayana ilimi a duk Faransa.

Abin da ka so ka rubuta ma ya yi mini daɗi. Ka ce za ka ajiye waƙoƙinsa kusa da waƙoƙin wa'azi na malamanmu masu zagin ruɗin duniya, da waɗanda matanmu suke yi a bakin turmi in abu ya dame su, a ga inda suka haɗu. Sai malamin da yake duba aikinka ya yi ritaya. Wanda ya gaje shi ya ce ka rage nan, ka sake can, ka cire na Hausar domin ba shi da mai tantance su. Kana cikin sakewa burs ta ƙare. Ka shiga Rungis kana ɗaukar akwatunan kifi. Ban taɓa ganin laifinka a nan ba, aiki ne na halal, kuma mutane da yawa sun gama karatu da irinsa. Na ɗauka shekara ɗaya ce ko biyu.

Sai kiranka ya fara raguwa. Da na ji shirun ya yi yawa na ɗauki hutu na zo. Rana tsaka ce, amma labule a rufe, ɗakin yana warin kifi da kwanon da ba a wanke ba. Kana kwance da kayan aiki a jikinka, gemu ya cika maka fuska, ka rame har wuyan rigarka yana lilo. Takardun digirin suna ƙarƙashin gado. Littafin ne kawai a kusa da kai. Na ce ka tashi mu je wajen likita. Ba ka ko juyo ba ka ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Duk wanda ya buɗe ido ya ga duniya yadda take, haka yake zama."

Wallahi, Yaya, da ba ka girme ni ba da na jijjiga ka. A gidan kula da tsofaffi nake aiki, kullum ina ganin wannan abu. Yana da suna, yana da magani, kamar hawan jini, kamar ciwon suga. Amma kowa da nasa fassarar. Alhaji Mamman ya ce sammu ne, a nemo rubutu daga gida. Wani abokin maigidana ya ce ƙarancin tawakkali ne. Kai kuma ka ce adabi ne. Cikin ukun naka ya fi ba ni haushi, domin su jahilcin abin ne ya sa su, kai kuwa ka ɗauki ilimi ka yi katanga da shi.

Duk da haka ka biyo ni. Lokacin sanyi guda ka yi a wajenmu a unguwar Minguettes, kana kwana a falo, maigidana ya haƙura da kallon ƙwallonsa saboda kai bai taɓa yin ƙorafi ba. Likita ta rubuta maka magani, kana sha. Ka fara cin abinci har kana neman ƙari. Kai kake raka Nafisa makarantarsu, lakwal, kuna tafe kana koya mata kirarin garuruwa. Ran kasuwa ka riƙe mini jaka, ka tsaya kana ciniki da Balaraben mai kuɓewa kamar a kasuwar Dole ta Damagaram muke, har ya ƙara mana don ka bar masa wuri. Na ce a raina yayana ya dawo.

Ina share ƙarƙashin kujera na tarar da kwalin maganin, ba a taɓa rabinsa ba. Da na tambaye ka, ka ce, "Yana toshe mini kunne. In na sha, ina karanta waƙar amma ba na jin ta." Na ce to gara ka ji waƙa da ka ji daɗin abinci? Bayan 'yan kwanaki na dawo daga aiki na tarar ka bar makulli wajen maƙwabciya. Nafisa ta tsaya a bakin lakwal tana jiranka har aka kira ni a waya. Abin da na faɗa maka a waya ranar, cewa mawaƙin naka ya mutu ya ruɓe kuma ba zai taso ya dafa maka ko ruwan zafi ba, ba zan janye shi ba. Gaskiya ce, kuma har yau ina kanta.

Shekaru sun wuce a haka, kana ɓullowa kana ɓacewa, har ka ɓace gaba ɗaya. Na cire littafin daga raina. Sai bana Nafisa ta shiga ajin da ake jarrabawar Faransanci ta bak, babbar jarrabawar ƙarshen lise. Ta dawo daga lise ta zazzage jaka a tebur, ga shi nan, sabo fil, bango mai sheƙi. Yana cikin littattafan da aka ba su. Na tsaya ina kallonsa kamar na ga maciji a kicin. Wato mutumin nan ya cinye mini wa, yanzu kuma ya biyo 'yata har bene na tara.

Ta ce in taimaka mata. Na ce ta tambayi malamarsu. Ta ce, "Mama, Kawu ne ya kamata ya koya mini, tunda ba ya nan ke ce." Na karɓa na sa a jakar aiki, na riƙa karantawa a jirgin tiram, zuwa da dawowa, daga farko har ƙarshe. Duk shekarun nan ban taɓa karanta shi da kaina ba, da bakinka na san shi.

Kuma ka cuce ni, Yaya, domin rabi ka nuna mini.

Nauyin da kake faɗa yana ciki, ban musa ba. Akwai wuraren da na karanta na rufe littafin na dubi taga, domin ɗakinka na Saint-Denis na gani sak. Amma mutumin ba ya alfahari da wannan hali. Yana tsanarsa. Yana zagin kansa a kan kasala da ɓata lokaci, yana neman mafita ta ko'ina, ta ƙauna, ta giya, ta mafarkin tafiya wata ƙasa mai rana, kowacce ya gwada ta ƙi, kuma ya faɗa da bakinsa cewa ta ƙi. Sannan dubi yadda ya gina baitocin. Ni ba malama ba ce, amma na ƙirga gaɓoɓin da Nafisa a kan tebur, ko ɗaya bai zarce ba, kamar ɗinkin hular da aka yi wata ana yi. Mai wannan aiki ya tashi daga gado. Ya zauna, ya goge, ya sake, ya kai wa masu buga littafi, ya tsaya gaban alƙali. Ya fita titi ya dubi tsofaffi da makafi da mabarata har ya ji tausayinsu. Kai ka ɗauki ciwonsa ka bar aikinsa.

Akwai kuma abin da ban so ba, kuma ba ka taɓa gaya mini ba. Yadda yake maganar mata, yau mala'ika gobe shaiɗaniya, ba ranar da mace take zama mutum kawai mai ciwon baya da abin da yake damunta. Baƙar macen da yake ƙauna kuwa, in ya dube ta ba ita yake gani ba, tashar jirgin ruwa yake gani da itatuwan wata ƙasa da ƙamshin turare. Ni baƙar mace ce a Faransa, na san wannan kallo, na sha shi a bas da wajen aiki. Wasu shafukan kuma sai da na yi istigfari na tsallake. Ban ce a ƙone littafin ba. Cewa na yi mutum ne ya rubuta shi, mai hazaƙa da rauni da son kai, ba abin da za ka miƙa wa ranka ba ne.

Zan gaya maka abu ɗaya da ya sa ban iya tsanarsa gaba ɗaya ba. A wajen aikinmu akwai wata tsohuwa, tsohuwar mai ɗinki ce, mantuwa ta cinye ta. Ɗanta yakan zo ran Lahadi ta tambaye shi ko shi ne mai gyaran famfo. Wata rana ina gyara mata matashi littafin ya zamo daga aljihun rigata. Ta ɗauka, ta dubi bangon, sai ta fara karantowa da ka. Waƙa guda cur, tana kaɗa yatsa a kan bargo, ni ina bin ta a shafi, ba ta ɓata ko kalma ba. Ta ce a lakwal aka sa su haddace, tana da kitso biyu a lokacin. Da ta gama ta dube ni ta ce, "Ke wace ce?" Na fita baranda na share hawaye. Sunan ɗanta ya tafi, baitocin suna nan. A nan na gane abin da kake nufi da ka ce mutumin ya shiga jinin mutanen ƙasar nan. Na ɗauko waya don in ba ka labari, domin kai kaɗai ne za ka gane. Ta yi ta ƙara har ta katse.

Nafisa ma ta kira ka. Ba sau ɗaya ba. Ta aika maka hoton waƙar da ta fi ba ta wuya, ta rubuta da Hausarta mai karkata don ta faranta maka. Ka buɗe, ba ka amsa ba. A jarrabawar baki akan bar ɗalibi ya zaɓi littafi ɗaya ya yi magana a kai, ita kuwa wannan ta zaɓa, duk da na ce ta ɗauki mai sauƙi. Mai jarrabawar ta tambaye ta dalili. Ta ce saboda tana da kawu da ya shige cikin littafin bai fito ba, ta shiga nemansa. Matar ta ajiye alƙalami ta ce, to ta same shi? Nafisa ta ce a'a, amma ta ga inda ya zauna. Ta fito ta same ni a bakin ƙofa, ta kifa kai a kafaɗata a gaban 'yan ajinsu, yarinyar da ba ta yarda in riƙe mata hannu a titi. Ta ci jarrabawar da kyau. Ta ce kada in gaya maka, ba ka cancanta ba. Na gaya maka ne don ka san abin da ka rasa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan takarda.

Inna ta kira don ta yi wa Nafisa barka, kuma kamar kullum ta tambaye ka. Na saba ce mata aiki ya yi maka yawa. Wannan karon bakina ya ƙi. Na gaya mata duka, labulen, ramar, maganin, ɓacewar. Na shirya jin kuka, ko ta ce za ta aika wajen malami. Sai kawai ta ce, "Ubanku ma haka ya yi."

Ta ce shekarar da aka haife ni, damina guda Baba ya yi a ɗaki. Bai je rumfarsa ta fata ba, bai fita zaure ba, in an kai masa tuwo sai a ɗauko shi yadda aka kai. Ba abin da ya same shi, cinikinsa yana tafiya, ba wanda ya ɓata masa. Ita take ce wa mutane zazzaɓi ne. Kai kuma aka tura ka Mirya wajen kaka don kada ka gani, shi ya sa ba ka sani ba. Ta ce ya tashi da kansa bayan girbi, kuma abin ya sake dawo masa kafin rasuwarsa. Ta ce wata rana ta tambaye shi me yake ji, ya ce mata ji yake kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji, kuma bai san wa ya ɗora ba. Sai ta ce, "Mu a lokacin ba mu san yana da magani ba. In yanzu akwai, me Lawali yake jira?"

Yaya, Baba bai yi boko ba. Bai san harafi ɗaya na Faransanci ba, bai taɓa ganin Paris ko a hoto ba. Abin da kake ɗauka zurfin tunani ne da ka samo a littafi, a gidanmu yake tun kafin ka iya karatu. Mawaƙin ya ba ka kalmomin faɗarsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, Baba bai samu ko wannan ba. Amma ba shi ya ba ka ciwon ba, kuma ba shi zai cire maka ba.

Ban ce ka rabu da littafin ba. Ka zo da shi. Yanzu ni ma na karanta, ina da abin da zan yi musu da kai a kansa, kuma Nafisa ta fi ni. Digirin ka gama ko kada ka gama, wannan ruwanka ne, ba wanda zai tambaye ka. Likitar nan tana nan, na yi mata magana, ta ce akwai wasu magungunan in wancan bai karɓe ka ba, da ka faɗa mata tun farko da ta canza. In kunya ce take hana ka, babu wanda zai ce maka komai a gidan nan, na yi wa maigidana magana, na yi wa bakina ma. In kuɗin jirgi ne ko ƙarfin tashi, ka turo mini sunan titi kawai, ni zan zo.

In kuma duk wannan ya yi maka nauyi yanzu, to ka kira Inna. Ta ce ba ta son bayani, ba ta son ban haƙuri. Ka yi mata sallama ta amsa, shi ke nan. Ta tsufa, Yaya, muryarta ta fara rawa, kuma ta riga ta yi wannan jiran sau ɗaya a bakin ƙofar Baba. Bai kamata ta sake yinsa ba.

Allah Ya ɗauke maka abin da ya danne ka. Allah Ya sa ka farka gobe ka ji ƙirjinka ya yi sauƙi ko da kaɗan ne, Ya ba ka ƙarfin ɗaga waya. Allah Ya jiƙan Baba, Ya saka masa da haƙurin da ya yi shi kaɗai ba wanda ya san sunan ciwonsa. Allah Ya ja kwanan Inna har ta ji muryarka. Ni kuma Allah Ya sanyaya mini zuciya, domin har yanzu fushi nake da kai, kuma ba zan daina kira ba.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Balkisa
Minguettes